Wasan da Muka Kai Tsibiri

Har gobe ban manta da ranar da na shiga da tawagata ɗakin bayi na tsibirin Zanzibar ba. Na sha wuya iri-iri a wannan aiki. Jakata ta taɓa ɓata, jirgi ya taɓa tashi ya bar ni, wata Hajiya ta taɓa wanke ni tas a gaban jama'a don tagar ɗakinta ba ta kallon teku. Duk waɗannan in na tuna dariya nake yi. Wannan ranar kuwa in ta faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai in ji na sunkuyar da kai. Na ga ya dace in ba ku labarin, musamman ku da kuka shigo kwanan nan kuke ɗokin a damƙa muku tawaga.

Kamfaninmu, kamar yadda kuka sani, da Umara ya fara, sai tikitin 'yan kasuwa masu fita saro kaya. Ofishin ma a lokacin ɗaki biyu ne a saman bene kusa da Ƙofar Wambai, ƙasanmu masu sayar da robobi. Mai kamfanin, Hajiya Zuhra, jikar Larabawan nan ce na cikin gari da suka zo fatauci suka zauna. Ita ta kawo shawarar mu fara kai mutane yawon buɗe ido. Da fari dariya aka yi mata. Aka ce wane Bakano ne zai hau jirgin sama don kawai ya je ya kalli ruwa, alhali ga dam ɗin Tiga nan? Ba ta kula su ba. A hankali amare da angwaye suka fara zuwa, sai ma'aikata, daga baya har dattawa.

Ni da yankan tikiti na fara, aka mai da ni teburin biza, sannan aka ba ni jagorancin tawaga. Ga wanda bai san aikin ba, jagora iri biyu ne. Akwai jagoran tawaga, wato irina, wanda zai ɗauko mutane daga Kano, ya riƙe fasfonsu, ya raba musu ɗakuna, ya san mai ciwon suga da mai hawan jini, ya dawo da su gida. Akwai kuma jagoran gari, ɗan can ƙasar, mai lasisi, wanda shi ne yake da ikon yin bayani a wuraren tarihi. Shi zai yi magana da Turanci, ni in juya da Hausa. In kun ga tafiya ta yi daɗi, to waɗannan biyun ne suka jitu.

Jagoranmu na can sunansa Juma. Ya ɗan girme ni, siriri ne, baƙi, mai sanyin magana, da malamin makaranta ne kafin ya koma wannan sana'a. Mun yi shekaru muna aiki tare har muka wuce abokan aiki. In zan tafi sai na yi masa tsarabar kilishi, shi kuma ya haɗo ni da kanumfari. Na taɓa kai wa mahaifiyarsa rinin Ƙofar Mata, ta yi ta sa mini albarka, amma gidan ni kaɗai nake shiga, domin tsohuwar ba ta yarda a kai mata 'yan yawon buɗe ido. Ta ce ita ba abin kallo ba ce. To a wannan tafiya, da Juma ya gaya mata dattawa na kawo, sai ta ce a kawo mata su su ci abinci a gidanta, tana so ta ga tsofaffin Kano da idonta. Juma ya kira ni yana murna tun kafin mu taso. Ni kuwa kaina ya kumbura, na riƙa gaya wa kowa a ofis cewa tawagata ce ta farko da za ta shiga gidan.

Dattawan da suka fi jan hankali a tawagar su biyu ne, Alhaji Sambo da Alhaji Modu. Alhaji Sambo Bafulatani ne, yana sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi. Alhaji Modu Babarbare ne na Zangon Barebari, yana sayar da huluna da turare da kayan ƙamshi. Shagunansu suna kallon juna tun ba a haife ni ba. 'Ya'yansu ne suka haɗa baki suka tura su, suka ce su je su huta ko sau ɗaya a rayuwa. Amincinsu ya kai Alhaji Sambo ne waliyyin duk 'ya'yan Alhaji Modu mata. Amma in ka ji gaisuwarsu ba ka san su ba, sai ka ɗauka yanzu za a dambace.

"Bawana, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan baiwata. Ka ɗebo mini ruwan alwala ko sai na ɗauko bulala?"

Wannan shi ne wasan Fulani da Barebari, duk wanda ya tashi a Kano ya san shi. Kowa yana cewa shi ne ubangida, ɗan'uwansa ne bawa, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi ma shi ne abin dariya. Mun tashi mun tarar da shi kamar yadda muka tarar da ganuwa, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ko me aka gina shi da shi ba.

Dokar kamfani ce kafin tafiya a yi wa tawaga bita. Na tara su a ofis na yi musu tawa. Na ce kada a ɗauki matan mutane hoto ba izini. Na ce wanda bai saba cin kayan teku ba ya bi a hankali. Na ce a sha maganin jiri kafin a hau kwalekwale, kuma don Allah kada wanda ya hau bayan kunkuru. Zancen wasa bai ko gifta mini a rai ba. A wannan bitar ma sai da Alhaji Sambo ya tambaye ni ko za a yarda ya sa bawansa a cikin kaya, aka yi dariya har da ni.

Kwanakin farko sun yi daɗi ƙwarai. Muka je gonar kayan ƙamshi, inda Alhaji Modu ya ga kanumfari a kan bishiya. Mutumin da ya tsufa yana auna shi a kasuwa, sai ga shi ya tsaya ya saki baki yana shafa ganyen.

"Kai dai an yi asara," in ji Alhaji Sambo. "Shekara da shekaru kana sayar da abu ba ka san uwarsa ba."

Washegari muka hau kwalekwale zuwa wani ƙaramin tsibiri da ake kiwon manyan kunkuru. Ruwan shuɗi ne garau, kana hango ƙasansa, amma Alhaji Sambo bai ga ko ɗaya ba. Ya runtse ido, ya ƙanƙame katako, babu addu'ar da bai karanto ba. Alhaji Modu ya samu nama. Ya ce ai dama Bafulatani iyakar jarumtarsa bayan saniya, ya ce in kwalekwalen ya kife shi hularsa zai fara ceta kafin bawansa. Juma yana jin daɗinsu sosai. Lokaci-lokaci ya kan taɓo ni ya ce me suka ce, ni kuma in juya masa. Zancen saniya na juya, zancen hula na juya, amma kalmar bawa ban taɓa juya ta ba. Ba ɓoyewa nake yi ba. Kunnena ne ya daina jin ta a matsayin kalma mai ma'ana, ta zame mini kamar a ce wane.

Ranar da za mu ci abinci a gidan su Juma bayan La'asar, da safe aka tsara za mu zaga tsohon gari. Lunguna ne matsattsu, benaye na dutse, ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Mutanena suka ji kamar a gida. Wata Hajiya ta ce wannan ai unguwar Alfindiki ce aka ɗauko aka ajiye a bakin ruwa. Daga nan muka nufi inda tsohuwar kasuwar bayi take, wurin da kowace tawaga take zuwa. A ƙofa na gaya musu ko ina ne, na ce za mu sauka wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare mutane kafin a fito da su a sayar.

Ɗakin gajere ne, dogon mutum ba ya miƙewa a ciki. Akwai dakali a kewaye, sai 'yar taga da hannu ma da ƙyar zai shiga. A kan dakalin an ajiye wata tsohuwar sarƙa mai zoben wuya. Juma ya shiga gaba da mazan, ni na tsaya a matakala ina taimakon wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ina jin sa ya fara bayani da muryar nan tasa mai sanyi. Sai na ji ya faɗi abin da ba kowace tawaga yake gaya wa ba. Ya ce kakar mahaifiyarsa ta bi ta wannan wuri tana yarinya ƙarama, kuma ita ce ta yi renon mahaifiyar tasa. Na san don ya ɗauke su nasa ne ya faɗa. Na ce a raina bari in sauko da tsohuwar nan in juya musu a tsanake.

Ban kai ga saukowa ba na ji ƙarar ƙarfe. Alhaji Sambo ne ya ɗauki sarƙar ya rataya wa Alhaji Modu a wuya.

"Alhamdu lillahi! Yau dai na kawo ka gidanku. Jama'a, ga Babarbare nan, tsoho ne amma yana da sauran ƙarfi. Wa zai taya?"

Alhaji Modu ya langaɓe kai, ya haɗa hannuwa kamar an ɗaure shi.

"Ku taimaka ku saye ni, bayin Allah. Wannan matsiyacin ko fura ba ya ba ni."

Ɗakin ya ɗauki dariya, kuma da yake rufin a kusa yake sai ta riƙa dawowa tana ninkuwa. Wayoyi suka fito, ana ta ɗauka. Wani ya ce ya taya, wani ya ce albarka. Ni ma dariyar ta riga hankalina fita, domin yadda Alhaji Modu ya yi da fuska ko waye sai ya dara. Ina cikin yi idona ya faɗa kan Juma. Yana tsaye a jikin bango, hannunsa ɗaya har yanzu a miƙe wajen tagar da yake nunawa. Nan take na daina dariyar.

Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Auwal, me suke cewa?"

"Wasa ne kawai."

"Na ga wasa ne. Me ya ce?"

Na gaya masa. Na gaya masa duka, har da tayi da albarka. Sannan na shiga kame-kame. Na ce aminai ne na shekaru, na ce al'ada ce tsakanin ƙabilunsu, kowa yana kiran kowa haka, ba wanda yake nufin komai, wasan ma shi ne yake hana su faɗa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ina faɗa ina jin yadda yake fita fanko a cikin wannan ɗaki. Ya bari sai da na ƙare.

"To a cikinsu wane ne jikan bayin?"

"Babu ko ɗaya."

"Shi ya sa yake ba su dariya," in ji shi.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ya je gaban Alhaji Modu, ya ɗan rusuna, ya sa hannu biyu ya cire sarƙar, ya mai da ita kan dakali a hankali kamar mai kwantar da jariri. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya ƙarasa bayaninsa har ƙarshe, ni kuma ina juyawa. Zancen kakar tasa bai maimaita ba, ni ma na kasa ɗauko shi. Da ya raka mu mota sai ya ce mini, maganar yamma zai kira ni. Bai shiga motar ba, abin da bai taɓa yi ba.

Mutanena ba su lura da komai ba. A mota ana ta tura hoton gida, har amsoshi sun fara shigowa daga Kano, ana kunna saƙon murya ana jin 'ya'ya da jikoki suna ƙyaƙyatawa. Wata Hajiya tana tambayata ko ya dace ta sa leshi zuwa gidan tsohuwar. Ni dai ina gaba na haɗa kai da gwiwa.

Ƙa'ida ce in matsala ta taso tsakanin tawaga da jagoran gari a sanar da ofis. Da muka isa masauki na kira Hajiya Zuhra na zayyana mata. Sai ta jefo mini tambaya.

"Ka gaya musu abin da suka yi?"

"Hajiya, sa'annin babana ne. Da wane baki zan fara?"

"Da bakin da ka yi musu bita. Kai ne jagora, in ba ka faɗa ba wa zai faɗa?" Sannan ta ce, "Auwalu, kana tsammani kakannina da suka ratso sahara gishiri da alharini kaɗai suka yi fatauci? Je ka gaya musu."

Bayan Azahar na same su su biyu a barandar masauki suna shan iska. Na cire takalmi na durƙusa. Alhaji Modu ya ce lafiya, ko fasfo ne ya ɓata? Na ce a'a, Baba, magana ce a kan abin da ya faru a ɗakin nan, Juma bai ji daɗi ba. Alhaji Sambo ya taso mini.

"Shi ina ruwansa? Bawana ne ko nasa? Kai yaro, tun ba a haifi ubanka ba ake wannan wasa. Yanzu don mun zo garin mutane sai a ɗinke mana baki?"

Na bari ya sauke. Sannan na ce, "Baba, akwai abin da ya faɗa da ban kai ga juya muku ba." Na gaya musu zancen yarinyar da aka bi da ita ta wannan ɗaki. Na ce tsohuwar da take can tana dafa mana abinci tun safe, a hannun wannan yarinya ta tashi.

Alhaji Sambo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Alhaji Modu ya kai hannu wuyansa yana shafawa.

"Inna lillahi. Ni fa na ji nauyinta," in ji shi. "Na ji sanyin ƙarfen, amma na ci gaba da shirme." Ya dubi amininsa. "Tashi mu je."

Na kira Juma bai ɗauka ba, amma na san inda yake zama, wani dakalin masu shan gahawa a bakin lungunsu. Muka tafi mu uku a ƙafa. Muna shan kwana na hango shi. Kafin in yi magana dattawan nan biyu sun tuɓe takalma, sun tattare manyan rigunansu, sun durƙusa a gabansa a kan titi, mutane suna kallo. Juma ya zabura ya miƙe, yana ta cewa a'a, a'a, yana ƙoƙarin ɗaga su. Suka ƙi tashi.

"Gaya masa," in ji Alhaji Sambo, "kuma kada ka rage ko kalma ɗaya. Ka ce ni na ɗauki sarƙar. Ka ce mun shigo gidan makoki mun yi guɗa. Ba mu da hujja, ya yafe mana don Allah."

Na juya kamar yadda ya ce. Idon Juma ya kawo ruwa. Ya ce shi ba shi da abin da zai yafe, domin ba shi aka yi wa ba. Ya ce ya riga ya je ya gaya wa mahaifiyarsa, tunda dole ya faɗa mata dalilin da zai hana baƙi zuwa. Na ce me ta ce? Ya ce ta ce abinci ya riga ya dahu, a kawo su, tana da tambaya.

Bayan La'asar muka je gaba ɗaya. Kafin mu fita Alhaji Sambo ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya sa an goge hoton, wanda ya tura gida kuma ya kira ya ce a goge. Ba wanda ya sa leshi. Aka shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida, aka kawo shinkafa mai kayan ƙamshi da kifi a cikin miyar kwakwa. Tsohuwar tana zaune a kan 'yar kujera, ƙanƙanuwa, idonta tar. Rinin Ƙofar Matan da na kai mata shi ta yafa. Ita tana magana da harshensu, Juma ya juya mini da Turanci, ni in juya da Hausa, saboda haka kowace magana sai ta daɗe a hanya kafin ta iso.

Ba ta yi faɗa ba. Labarin kakarta ta ba mu. Ta ce matar ba ta san sunan garinsu ba, abin da ta riƙe kawai akwai babban tafki da duwatsu. Ta ce mace ce mai son kwalliya, tana sa awarwaro, tana sa 'yan kunne, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda an sa mata sarƙa a wuya ba, ko ta zinariya, ko ranar biki. Sannan ta dubi dattawan biyu ta yi tambayarta. Da Juma ya juyo mini ita sai zuciyata ta raya mini in sassauta. Na tuna abin da sassautawa ta jawo, na faɗa yadda take.

"Ta ce, a garinku akwai irin wannan kasuwa?"

Kowa a cikinmu ya san amsar, duk ɗan cikin gari ya taɓa jin ta a bakin kakanni, amma ba zance ne da ake yi ba. Alhaji Modu ne ya amsa, kansa a ƙasa.

"Akwai. Ka gaya mata a cikinta shagunanmu suke."

Maganar ta tafi ta dawo.

"Ta ce, jikokin waɗanda aka sayar ɗin suna ina?"

"Suna nan tare da mu," in ji Alhaji Sambo. "Unguwa ɗaya, sahu ɗaya a masallaci."

"Ta ce, in kuna wannan wasa, su ma suna dariya?"

Alhaji Sambo ya sunkuyar da kai. Mutumin da ban taɓa ganin an ƙure shi a magana ba, sai ga shi yana murza gefen tabarma.

"Ka ce mata ban taɓa dubawa ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ce mu ci abinci kada ya huce. Muka ci, domin ƙin ci wani laifin ne, amma ni dai ban san ɗanɗanon abin da na haɗiya ba. Da za mu tafi ta ba kowa ƙullin kanumfari, ta yi mana addu'ar sauka lafiya, ta ce a gaida mutanen Kano.

Bayan mun dawo da ɗan lokaci na shiga Kurmi da safe, zan kai wa Alhaji Modu wata jaka tasa da ta biyo jirgin baya. Ina zaune a shagonsa Alhaji Sambo ya iso zai buɗe nasa. Ya tsaya, ya ɗaga hannu yadda ya saba, na ga bakinsa ya ɗauko kalmar ya ajiye.

"Modu, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Sambo. Ya iyali?"

Maƙwabtansu suka dubi juna. Wani mai sayar da tasbaha ya ja ni gefe ya ce don Allah me ya haɗa su a can, ko faɗa suka yi? Na ce ba su yi faɗa ba. Na ji daga baya tsokanar ta dawo, ana zancen saniya da hula da tsoron ruwa, har sun fi da. Kalmar nan ɗaya ce dai ba ta dawo ba.

Ban ba ku wannan labari don in ce wasan kakanninmu abin banza ne ba. Na ga inda ya kashe rigimar da alƙali ba zai iya kashewa ba. Abin da na koya shi ne, jagora ba fasfo da jakunkuna kaɗai yake ɗauka ba. Yana ɗauke da duk abin da mutanensa suka saba da shi har suka daina ji, kuma shi ya kamata ya fara jin sa kafin baƙon kunne ya ji. Wurin da muke kira wurin kallo, muna tsayawa muna ɗaukar hoto, ga wani kabarin kakarsa ne. Shi ya sa yanzu a bita nake daɗewa a kan wannan ɗaki fiye da yadda nake daɗewa a kan kunkuru da kwalekwale. Kuma abin da aka faɗa, mai daɗi ko marar daɗi, ku juya shi a lokacin da aka faɗe shi, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya jira.

Har yanzu da Juma muke aiki. Kilishi yana tafiya, kanumfari yana zuwa, in mun haɗu muna rungume juna. Mahaifiyarsa ta rasu bara, na kira na yi masa ta'aziyya, su Alhaji Sambo ma suka karɓi wayar suka yi masa. Bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba. Sai dai duk lokacin da muka iso bakin matakalar ɗakin da sabuwar tawaga, ba ya shiga gaba kamar da. Ya kan tsaya a ƙofa, ya juyo ya dube ni, ya jira sai na gama yi wa mutanena magana. Kuma zancen kakarsa, tun daga ranar bai sake gaya wa wata tawaga tawa ba.